Shekarar da Na Daina Dariya

Ranar Laraba ce, da hantsi, kwana goma sha ɗaya bayan na haifi Idi, a tsakar gidanmu na Kona, shekara huɗu kafin Nasara su taka ƙasar Tasawa. Mu uku ne a wurin: Goggo Hurera, wadda take ƙanwar ubana kuma uwar mijina, da Hassu matar ƙanen mijina, sai ni. A wannan sa'a na fito daga ɗakin jego na karɓi taɓarya daga hannun Hassu. Na rubuta ranar da sa'ar domin duk abin da ya biyo baya daga nan ya taso, kuma laifin ba na kowa ba ne sai nawa.

Ku 'ya'yana da jikokina, na san abin da kuke faɗa idan kun zaci barci nake yi. Kuna cewa Kaka Delu ba ta daka saboda girman kai, kuma wai a zamanin ƙuruciya ta taɓa yin yaji na wata huɗu. Duka biyun kuskure ne. Matan mishan da suka koya mini rubutu, ina da furfurata a lokacin, sun hore ni cewa layin da ya karkace sharewa ake yi a sake shi. Wannan layi ya daɗe a karkace, yau zan miƙe shi. A ciki akwai maganar da ba a saba jin ta daga bakin tsohuwa ba. Wadda ta ji kunya ta shiga ɗaki ta karanta ita kaɗai, amma ta karanta.

Ban kama sunan mijina ba yana raye, ba kuwa zan fara yanzu ba, saboda haka zan ce kakanku. Taubashina ne. Ni ɗiyar namiji, shi ɗan mace, bisa al'ada kuwa shi ne bawana, tun muna yara muke wannan wasa, aure bai kashe shi ba. Uwargijiya yake ce mini. Ban taɓa ganin mai iya kwaikwayo kamarsa ba: zai yi tafiyar mai unguwa, ya yi tarin liman, ya yi kukan jakinmu har jakin ya amsa masa daga turke. Ni kuwa, da kuke gani haka, babu macen da ta kai ni dariya a Kona. Idan na fara sai na dafa danga. Abu na biyu da aka san ni da shi shi ne daka. Garina ba ya tsaki. A lugude nakan wurga taɓarya sama in tafa sau uku in cafe ta ba tare da na ɓata kiɗan ba, kuma ina alfahari da wannan fiye da yadda ya kamata.

Haihuwar Idi ita ce ta uku, ita ce kuma mai wuya. Kwana biyu ina kan gwiwa, yaron ƙato. Goggo ta kama mini jego yadda ya dace, ruwan zafi safe da yamma, kunun kanwa, da umarnin in zauna har kwana arba'in. Amma kaka ce, kowa yana gona, daka ya koma hannun Hassu. Allah ya ji ƙan Hassu, mace ce mai kirki, sai dai garinta rabinsa tsaki ne. Kwana goma ina haɗiyar tuwon nan ina ƙirga tsakin da harshe. A rana ta goma sha ɗaya na ji sautin taɓaryarta yana faɗa wa gefen turmi, sai haƙurina ya ƙare.

"Kawo nan, Hassu. Gero kike daka ko turmin kike wa horo?"

"Delu, koma ɗaki," in ji Goggo. "Jikinki ɗanye ne."

"Goggo, garin ma ɗanye ne."

Suka yi dariya, ni ma na yi, na daka turmi biyu. Da na ga babu abin da ya same ni, kashegari na daka uku. Kafin mako ya zagayo ina jan guga a rijiya, rijiyoyin ƙasarmu kuwa kun san zurfinsu, ina ɗaukar babban tulu domin ƙaramin ina ganin raini ne a gare ni.

Abin bai zo mini a rana ɗaya ba. Da fari nauyi nake ji a mara, kamar an rataya mini dutsen niƙa daga ciki, da safe babu, da la'asar ya dawo. Sai wata rana a bakin rijiya na ja guga na ji wani abu ya sauko ta gabana. Na zagaya bayan gari na taɓa, na ji shi kamar goruba. Mahaifata ce ta zazzago, amma a lokacin ban san sunan abin ba, na ɗauka Allah ya aiko mini da ajali ta hanyar da ba zan iya faɗa wa kowa ba. Idan na kwanta ya koma, idan na yini a tsaye ya leƙo. Bayan wannan sai fitsari ya fara kufce mini. Ba kullum ba, sai na yi tari, ko atishawa, ko na ɗaga kaya. Ranar da na gane dariya ma tana cikinsu, kakanku ne ya shigo yana kwaikwayon wani Buzu da raƙuminsa ya ƙi tashi, shi ne Buzun shi ne kuma raƙumin. Na tuntsire, sai na ji ɗumi yana bin ƙafata a gaban mutane. Na zauna a kan ƙasa wuf, ban tashi ba sai da aka watse.

Daga ranar na yanke wa kaina hukunci irin wanda mai taurin kai kaɗai zai yanke. Tunda dariya ce take tona mini asiri, na daina ta. Idan kakanku ya fara wasa sai in tamke fuska in shige ɗaki. Na rage shan ruwa har leɓuna suka bushe. Na daina zuwa suna da biki. Salla ta zama mini fargaba, domin ban san ko alwalata za ta kai ni sallama ba. Amma daka ban fasa ba, domin in na fasa za a tambaye ni dalili. Haka na ci ɗari, haka na shiga bazara.

Kakanku ya yi duk dabarar da ya sani. Ya zo mini da sabon kwaikwayo, ya sa hular ƙanensa a kan akuya, ya kira ni da sunayen wasan da muka manta tun ƙuruciya. Duk wanda ya yi, ni dai cije leɓe nake yi ina matse cinya, shi kuwa abin da yake gani fuska ce a murtuke. A hankali ya daina. Gidan ya yi tsit kamar an yi rasuwa. Wata safiya, ana gab da shuka, ya same ni ina shanya bayan rumbu, ya tsuguna nesa da ni kamar baƙo.

"Delu," ya ce. Bai ce uwargijiya ba. "Zumunta ta haɗa mu, ba na so aure ya ɓata ta. In zama da ni ne ya ishe ki, ki faɗa. In an yaye yaron nan sai in sawwaƙe miki, ba wanda zai ji bakina a kanki."

Kalma biyar za ta warware wannan magana, amma na kasa furta ko ɗaya. Na ci gaba da matse zane. Ya jira, ya tashi, ya kakkaɓe wandonsa ya tafi. Ku lura da wannan: saboda kunyar abin da ba zunubi ba, na kusa sakin mutumin da ban taɓa son wani kamarsa ba.

Goggo ce ta cece mu, kuma da idon tsohuwa ta yi. Ta daɗe tana lura da shanyata. A ranar, bayan maza sun fita, ta kira ni ɗakinta ta saki asabari.

"Ɗiyar yayana, macen da ke goyon yaro ɗaya, mi ya kai ta wankin zane uku a yini? Ko Idi ya koma tagwaye ban sani ba?"

Na sunkuyar da kai, ta ci gaba.

"Da surukuwa ce kawai ni, da na bar ki da kunyarki. Amma kafin in zama surukuwarki goggonki ce. Tsuguna in gani."

Ta gani. Ba ta yi salati ba, ba ta kama baki ba, abin da ta ce kawai shi ne, "Turmin nan ne." Sa'an nan ta gaya mini ita ma ta taɓa samun irinsa, kaɗan, bayan haihuwarta ta biyar. Na yi kuka, rabinsa na sauƙi ne, rabinsa na haushi, domin wata bakwai ina zaton ni kaɗai ce a duniya. Da yamma ta ce wa ɗanta za ta kai ni ganin gida, kada ya yanke komai sai an ci tumu. Dalili kuwa ba ta faɗa masa ba, uwa ba ta irin wannan magana da ɗanta na fari. Abin da maƙwabta suka gani ke nan suka kira shi yaji.

Kwana biyu muka yi a hanya, ni a kan jaki, Goggo a ƙasa goye da Idi a bayanta, har muka sauka wani ƙauye a bakin Gulbin Kaba, cikin ƙasar Mayahi. A can Inna Jimma take, ungozoma ce kuma masaƙiyar tabarma, gajeriya, haƙoranta na gaba biyu kacal, bakinta kuwa ba linzami. Na tsaya ina noƙe-noƙe ina riƙe da bakin zane.

"Ke, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Na ga ƙofar da rabin garin nan suka shigo duniya ta cikinta, taki ba ta zinariya ba ce. Kwanta."

Ta duba ni, sa'an nan ta yi mini tambayoyin da har yau nake yaba tsarinsu.

"In kina kwance, fitsarin yana zuba?"

"A'a, Inna."

"Kina tashi da safe ki tarar da tabarma a jiƙe?"

"A'a. Sai na yi tari, ko ɗaukar kaya, ko dariya."

"To, gode wa Allah. Da hujewa kika yi, da ba ni da abin yi miki sai addu'a. Ke ba ki huje ba, saki kika yi. Gindin kwando ne ya yi sanyi don an loda masa kaya tun kabar tana ɗanya."

Magani ya fara da abin da na fi ƙi a duniya, wato zaman banza. Kwana bakwai ina kwance, ƙuguna a kan tarin tabarmi, kaina a ƙasa. Ta shafa man shanu a hannunta ta mayar da mahaifar mazauninta. Safe da yamma in zauna cikin ruwan bagaruwa mai ɗumi. Ta hana ni yunƙuri a bayan gida, ta cika ni da miyar kuka da tsamiya, ta kuma tilasta mini shan ruwan da na daɗe ina gudu. A rana ta takwas ta kawo wani ɗan zobe da ta saƙa da kaba, ta tsoma shi cikin narkakken kakin zuma sau da yawa har ya yi sumul.

"Kin san gammo? Kai ba ya ɗaukar tulu sai da shi. To, wanga gammon ciki ne. Shi zai tallafe miki kayan. Kullum da yamma ki fid da shi ki wanke, da safe ki mayar."

Na karɓa na jujjuya shi. Allah ya gafarta mini, ko a wannan hali idona bai bar halinsa ba.

"Inna, gefen nan ya fi wancan kauri."

Ta dubi Goggo. "Hurera, wagga ɗiya taki ko Mala'ikan mutuwa ya zo sai ta ce rawaninsa ya karkace." Ta jefo mini damin kaba. "Saƙa naki, gwana."

Na saƙa huɗu na warware, na biyar ya fito daidai. Ta auna shi da yatsunta, ta yi ƙwafa, ta ce ya fi nata, ta kuma ce kada in sake in faɗa wa kowa. Ga shi yau na faɗa.

Gammon ya ɗauke nauyin tun ranar farko, na miƙe tsaye na ji ni kamar an sauke mini tulu. Amma fitsarin bai tsaya duka ba, wannan kuwa aiki ne na watanni. Inna Jimma ta zaunar da ni gefenta ina taya ta kitson kaba, ta ce duk sa'ad da na ja zare ɗaya in tsuke gabana daga ciki, kamar wadda iska ta matsa mata a gaban surukai, in riƙe har in soka na gaba, sa'an nan in saki. Ba da ciki ba, ba da cinya ba, ba kuma tare da riƙe numfashi ba. Da fari ban ji komai yana motsi ba. Takan kafa mini ido ta ce, "Fuskarki kike tsukewa, ba ita ce ke yoyo ba." Ta koya mini kuma in tsuke kafin tari ya fito, kada in bari sai ya fito. Ni da ba na yin abu rabi da rabi, na riƙe wannan kamar salla. Damina ta sauka, gulbi ya yi kore, Idi ya fara tsayuwa yana kama zanen Goggo, ni kuwa tabarma bayan tabarma. Zanen da nake wankewa ya koma biyu, ya koma ɗaya. Na yi tari a bushe. Na yi atishawa a bushe. Dariya kaɗai ce ban yarda na gwada ba, ko da yake tsohuwar nan ta yi ta tsokanata.

Da gero ya fara nuna sai Inna Jimma ta aika Kona aka kira kakanku. Ya iso ranar wata Lahadi da azahar, da damin tumu a kan jaki, ya rame, ya gai da kowa cikin ladabi kamar wanda ya zo karɓar hukunci. Inna Jimma ta share wani wuri a tsakar gida, ta zuba busasshen rairayi, ta tsayar da ni a kai.

"Mai gida, matarka tana da magana. Ke kuma, ni na gyara ƙasa, sama naki ne. Buɗe baki."

A rayuwata ban yi abin da ya fi wannan wuya ba, har da haihuwar Idi. Na dubi ƙasa na faɗa masa duka, tun daga taɓaryar Hassu har zuwa raƙumin Buzu. Na zaci ƙyama zan gani a fuskarsa. Da na ɗaga ido sai na ga hawaye a gemunsa.

"Ashe ba ƙina kike yi ba?"

"Ban taɓa ba."

"Uwargijiya, don ɗan ruwan nan kika hana ni dariyarki shekara guda? Ni da jaki ya yi mini wanka da nasa a kasuwar Urafane, ban daina gaishe shi ba?"

Na cije leɓe bisa sabo. Inna Jimma ta ɗaga hannu.

"Saura sharaɗi. Daga yau ba ita ba taɓarya, ba ita ba gugan rijiya, ba ita ba babban tulu. Ba na wata ba, ba na shekara ba. In ta koma, abin zai koma."

Wannan ne ya soke ni, domin ban san sharaɗin na har abada ne ba. Kakanku ya ce, "To, Inna, wa zai yi mana daka?"

"Kai. Ko hannunka na ado ne?"

Wasa take yi, amma ba ta san wanda ta taɓo ba. Ya tuɓe riga ya ɗaura zanen Goggo a ƙirji, ya zuba gero a turmi, ya ɗauki taɓarya ta tsakiya da hannu biyu kamar mai kashe maciji. Bugun farko ya sami bakin turmi, gero ya yi tsalle, kaji suka taso. Bai tsaya ba. Ya ce zai yi lugude irin na uwargijiyarsa. Ya wurga taɓarya sama, ya tafa sau ɗaya, ya ɗaga kai ya ga tana dawowa, sai ya kwasa da gudu, zanen ya kwance ya harɗe shi, ya faɗi cikin kajin.

"Ba haka ake riƙe ta ba!" na daka masa tsawa. Ban ƙarasa ba abin ya ƙwace mini. Na tsuke kamar yadda aka koya mini, na saki sauran jikina. Na yi dariyar shekara guda a tsaye, har na dafa kafaɗar Goggo, har Idi ya tsorata ya fashe da kuka domin bai taɓa jin wannan sauti daga bakin uwarsa ba. Da na lafa sai Inna Jimma ta ture ni gefe, ta durƙusa ta shafa rairayin da tafin hannu, ta ɗebo ta watsa sama. Iska ta kwashe shi, a bushe yake. Goggo ta rangaɗa guɗa irin ta ranar aure.

Ba zan yi muku ƙarya in ce na koma kamar budurwa ba. Gammon na tare da ni shekaru masu yawa, ni nake saƙa abina, kuma idan mura ta kama ni sosai nakan ga ɗigo. Abin da na biya kuwa shi ne taɓarya. Na zauna a inuwa ina jin 'yan mata suna ɓata lugude, hannuna yana ƙaiƙayi, ban tashi ba. Shekara sittin ina cin garin da wasu suka daka, ban kuma daina jin tsakin ba. Idan kun ga ina tankaɗe gari sau biyu ina faɗa, ku sani abin da ya rage mini ke nan daga sana'ata.

Ku matan gidan nan, kada wadda ta ce za ta saƙa gammon kaba domin ta karanta a nan. Mu mun yi ne don ba mu da wani. Yanzu akwai likita, na kuma ga irin nasu na roba, ya fi nawa kyau, ko da yake ba da nisa ba. Wadda ta ji nauyi a mara ko ta ga ɗigo, ta faɗa tun a makon farko, ta kuma cika arba'in ɗinta ko da tuwon duwatsu za a ba ta. Ku maza kuwa, idan mace ta daina dariya, ku aika a tambaye ta kafin ku yanke mata dalili.

Mun koma Kona ranar Alhamis. Hassu ta ci gaba da daka. Na haifi uku bayan Idi. Na zauna da kakanku shekara talatin da takwas bayan wannan, har ya rasu a ɗakina, bai sake ni ba.